Jiran layi a waya ya sa na zama mafaɗaciya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai yara uku, kuma ina aiki. Tun bayan rasuwar mahaifiyarmu, gani da jin mahaifinmu suka yi rauni, sai duk harkokinsa suka dawo kaina: fansho, banki, inshorar lafiya. Kusan kowane sati sai na buga waya wani ofishi. Na'ura ce take ɗauka, danna kaza, danna kaza, sai a sa mini kiɗa, wata murya tana ta nanata cewa kirana yana da muhimmanci. Wani lokaci in shafe kusan awa guda waya na manne a kunne, wuyana ya sage, katina yana zurarewa, sai layin ya tsinke in koma farko. Kafin mutum ya ɗauka zuciyata ta riga ta kawo wuya. Kwanaki na zazzage wa wata ma'aikaciya baƙaƙen maganganu har na ji muryarta tana rawa, kuma abin da na kira dominsa bai gyaru ba. Abin da ya fi damuna, autata ta zo nuna mini zanen da ta yi ina kan layi, na daka mata tsawa, yanzu in ta gan ni da waya sai ta raɓe ta wuce. Maigidana ya ce in na ɗauki waya kowa a gidan sai ya shiga taitayinsa. Yayana yana wani gari, da na kai masa kuka sai ya ce, "Kira ne fa kawai." Baba kuma yana jin nauyina, har ya fara ɓoye mini takardu. Yanzu tun daren ranar da zan yi kira gabana yake faɗuwa. Don Allah yaya zan yi in riƙa jure wannan jira ba tare da na ɓata da kowa ba?

Daga wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Na ji wani zargi yana yawo a cikin kalamanki, kamar kina ganin ke ce marar haƙuri, kuma da shi zan fara. Marar haƙuri ba ta zama awa guda a kan layi saboda fanshon wani. Haƙuri kina da shi, cinye shi ake yi tun kafin ki iso inda kike buƙatarsa. Saboda haka ba zan ce miki ki ƙara haƙuri in yi shiru ba. Abin da za mu nema shi ne yadda za ki isa gaban ma'aikacin da sauran ƙarfinki, kuma nauyin ya daina zama a kanki ke kaɗai.

Jiran waya ya fi jiran layin da ido ke gani cin rai. Idan a ofis kike tsaye, kina ganin mutum nawa ne a gabanki, kina ganin layin yana motsi, ga kuma na kusa da ke da za ku yi ƙorafi tare. A waya babu ko ɗaya. A 1985 wani masanin harkar gudanar da kasuwanci, David Maister, ya yi rubutu kan abubuwan da ke sa jira ya ƙara tsawo a zuciya. Daga cikinsu akwai zaman da mutum ba ya yin komai, da rashin sanin yaushe jiran zai ƙare, da rashin sanin dalilinsa, da kasancewa hankali a tashe, da kuma kaɗaici. Ki duba da kyau, duka biyar ɗin sun taru a kanki lokaci ɗaya: hannunki ɗaure da waya, ba ki san ko minti biyar ne ko hamsin ba, ba wanda ya yi miki bayani, kuɗin Baba ko maganinsa ne a ranki, kuma ba kowa a gefenki. Yawan ma'aikatan da kamfani ya ɗauka ba a hannunki yake ba, amma mafi yawan waɗannan biyar kina iya karya lagonsu da kanki.

Akwai amfani ki san abin da ke gudana a ɗaya ɓangaren. A 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Erlang, da ke aiki da kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, ya fara fitar da lissafin cunkoson kiran waya, kuma har yau da irin lissafinsa cibiyoyin karɓar kira suke ƙiyasta ma'aikata nawa za su zaunar a kowace awa. Abin da lissafin ya nuna shi ne, idan kusan duk ma'aikata suna kan layi, ƙarin kira kaɗan ya isa ya ninka jira sau da yawa. Ba ina wanke kamfanoni ba ne, wasunsu da gangan suke rage ma'aikata don rage kashe kuɗi, su bar mutane suna biya da lokacinsu, kuma wannan ba adalci ba ne. Amma lissafin yana da gefen da zai yi miki daɗi: idan kika kauce wa lokacin cunkoso ko da kaɗan ne, jiran yana iya raguwa sosai. Galibi ranar farko ta makon aiki ita ta fi cika, haka ranar da ta biyo bayan hutu, da lokacin da ma'aikata ke fita hutun tsakar rana, da ranakun da ake biyan albashi ko fansho. Ki gwada tsakiyar mako, kuma ki buga daidai lokacin da suka buɗe, ba bayan rabin awa ba. Kowane ofishi da yanayinsa, bayan 'yan gwaje-gwaje za ki gane na kowanne.

Kada ki kashe ki sake bugawa da fatan za a fi saurin ɗauka. A yawancin cibiyoyi kira yana bin layi ne bisa wanda ya riga wani, kina kashewa kin koma ƙarshe. Idan kuwa na'urar ta ba ki zaɓin a ajiye miki matsayinki a kira ki daga baya, ki karɓa hannu bibbiyu, sai dai ki tabbata wayar tana kusa kuma ba ki toshe baƙin lambobi ba. Ki kuma tambayi kowane ofishi ko suna da layin da ba a cire wa mai kira kuɗi, domin rabin zafin da kike ji na kallon kati yana ƙarewa ne. Idan ba su da shi, ki duba ko kamfanin layinki yana da tsarin mintoci masu rahusa, ki ware su don kiraye-kirayen Baba.

Yanzu ga abin da na fi so ki yi kafin kira na gaba. Ki samu ƙaramin littafi ki mayar da shi na harkokin Baba kaɗai. A shafin farko ki rubuta cikakken sunansa yadda yake a takardu, ranar haihuwarsa, lambar asusu, lambar fansho, lambar inshora, da lambar wayar da aka yi masa rajista da ita. Lambar sirri kam kada ta shiga littafin. Sai kowane ofishi ya samu shafinsa: lambar wayarsu, lokacin buɗewa da tashi, da jerin madannan da suka kai ki ga mutum, misali 2, sai 1, sai 4, don kada ki sake zama kina sauraron dogon jawabin na'ura. In kin ji an ce sun sauya tsarin, ki saurara ki gyara rubutun. A wasu layukan danna 0 yana kai mutum kai tsaye ga ma'aikaci, a wasu kuma mayar da shi farko yake yi, wannan ma ki rubuta wanda ya yi aiki. A ƙasan shafin, duk kiran da kika yi ki sa kwanan wata, ƙarfe nawa, tsawon jiran, sunan wanda ya ɗauka, lambar ƙorafin da aka ba ki, da alƙawarin da aka yi. Kafin ki buga, ki rubuta buƙatarki a layi ɗaya ko biyu: kuɗin wata kaza bai shigo ba, ina son a gaya mini dalili da ranar da zai shigo. Mutumin da ya yi minti arba'in yana jira yakan manta rabin abin da ya kawo shi, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Wannan littafi zai kuma ba ki abin da na'urar ta hana ki, wato sanin tsawon jiran. In kin ga ofishi kaza yakan ɗauki rabin awa, sai ki shiga da shirin rabin awa, har ki ƙara kaɗan a kai. Ki kuma yanke wa kanki iyaka tun kafin ki buga: yau minti arba'in nake da su. In sun cika, ke za ki zaɓa, ko ki ƙara goma ko ki ajiye sai gobe da sassafe. Ajiyewar da kika yi bisa shawarar kanki ba ta da ɗacin wadda aka tilasta miki.

Sai batun wuya da hannu. Daga yau kada ki sake maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, shi ya sa wuyanki yake sagewa, kuma jiki in yana ciwo zuciya ba ta sanyi. Ki sa ta a lasifika ki ajiye, ko ki sa abin sauraro a kunne ɗaya in ba kya son mutane su ji sirrin Baba. Ki jona ta a caji, a wurin da sabis ya fi ƙarfi a gidan, kuma kada ki yi ta yawo da ita zuwa lungunan da kin san layi yana yankewa. Ki rufe makirfo yayin jira, saboda wasu na'urorin suna ɗaukar hayaniyar gida a matsayin amsa su kai ki wani sashe daban, wasu kamfanonin kuma suna naɗar sauti har a lokacin da ake jira. Amma ki sa a ranki cewa kin rufe shi. Abin takaici ne a ce bayan dogon zama mutum ya ɗauka, yana ta sallama, ke kina ta magana ba ya jin ki, har ya ɗauka ba kowa ya kashe.

Kiɗan da ke ba ki haushi ma ba kunnenki ne da laifi ba. Layin tarho na gargajiya an gina shi ne don muryar mutum, yana ɗaukar sauti daga kusan 300 zuwa 3,400 a Hertz, wato ma'aunin kauri da kaifin sauti, alhali kunnen matashi mai lafiya yana ji har kusan 20,000. Duk kiɗan da aka matse ta wannan ƙaramar kafa sai ya fito a shaƙe yana ƙara. Abin da ya fi gajiyarwa kuma shi ne muryar nan da ke katse kiɗan. Duk sanda kiɗa ya tsaya gabanki ya faɗi, ki gyara murya, sai ki ji ashe na'urar ce ta dawo da zancen muhimmancin kiranki. In an yi miki haka sau goma, jikinki ya zabura sau goma a banza. Maganinsa ki rage ƙarar har ta kai inda za ki iya bambance kiɗa da magana kawai, kuma ki saba da muryar na'urar ki daina amsa mata da zuciyarki. Mutum na gaske zai yi gaisuwa ya faɗi sunansa ya jira ki, kina da 'yan daƙiƙu na ɗaukar waya, sun ishe ki.

Da hannuwanki suka samu 'yanci, ki ba su aikin da za ki iya saki nan take ba tare da ɓarna ba: ninke kayan wanki, gyara durowa, ɗinke maɓallin da ya cire, jera takardun Baba, goge tarin hotunan da suka cika waya, ko miƙe gaɓɓai kina zagaya ɗaki. Zai fi kyau ki riƙa tara irin waɗannan ƙananan ayyuka musamman don ranar kira, yadda ko layi ya tsinke kin dai tashi da wani abu a hannu. Ki guji aikin da ke buƙatar kunne ko zurfin tunani, domin hankalinki zai rabu biyu ki ƙara gajiya, haka duk abin da ya shafi wuta, kuma kada ki kuskura ki yi jiran kina tuƙi. Idan wayarki sabuwa ce ki leƙa cikin saitinta. Kamfanin Google tun 2020 ya sa wa wayoyinsa na Pixel wata hidima da ke sauraron layi a madadin mai waya ta sanar da shi in mutum ya ɗauka, Apple ma ya kawo irinta a iPhone a 2025. Ba a kowace ƙasa ko kowane harshe suke aiki ba, in babu a taki lasifika ta wadatar.

Ba kowace matsala ce ma take buƙatar kira ba. Duba ko kuɗi ya shigo, neman bayanin asusu, sanin inda ƙorafi ya kwana, da yawa ana yin su ta manhajar kamfanin ko ta imel. Rubutu yana da fifikon da waya ba ta da shi, yana barin shaida. In matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa bayan kira biyu ko uku, ki daina zuba lokacinki a waya, ki rubuta ƙorafi da lambobin da kika tara a littafinki, ko ki ware rana ɗaya ki je ofishin da ƙafarki. In nan ma an yi biris da ke, yawancin ƙasashe suna da hukumomin da ke sa ido kan bankuna da inshora da fansho, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar kin kai kuka wurin kamfanin. Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake: gajiya da jira ita ce ƙofar da 'yan damfara suke shigowa. Kada ki ɗauki lambar waya daga shafukan sada zumunta ko daga wanda ya ce zai gaggauta miki, ki yi amfani da wadda ke bayan katin banki ko a takardar da ofishin ya bayar. Duk wanda ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo, komai daɗin bakinsa, ki kashe.

Mu zo kan ma'aikaciyar da muryarta ta yi rawa. Da kika ambace ta na san abin yana cin ki, kuma wannan alama ce mai kyau. Ba ita ta tsara yawan ma'aikata ba, ba ita ta zaɓi kiɗan ba, kuma da wuya a ce ita ta riƙe kuɗin Baba. Tana ajiye wani mai fushi take ɗaukar wani, ana auna ta da mintocin da ta yi a kowane kira, kuma akwai iyakar abin da aka ba ta ikon yi. Da wuya ki sake samun ta, don haka kada ki yi ta ɗaukar abin a ka, ki nemi gafarar Allah, ki biya ta ta hanyar kyautata wa wanda zai ɗauka a gaba. Da zarar kin ji muryar mutum, ki ja numfashi ki sauke shi a hankali kafin ki ce komai. Ki gaishe shi, ki tambayi sunansa ki rubuta, sannan kafin komai ki ce, "In layin nan ya yanke, za ka iya kira na a wannan lambar?" Ki kuma nemi lambar ƙorafi tun da wuri, ba sai ƙarshe ba. Ba sai kin ɓoye ɓacin ranki ba, kina da haƙƙin faɗarsa: "Na daɗe ina jira kuma raina a ɓace yake, na san ba laifinka ba ne, don Allah ka taimaka mini." Wanda aka yi wa magana haka yakan duba abin da ba a tambaye shi ba, wanda aka zaga kuwa neman hanyar rabuwa da kiran yake yi. In kin ga abin ya fi ƙarfinsa, ki nemi ya haɗa ki da na gaba da shi cikin ladabi, kuma ki roƙe shi ya yi wa wancan bayani kafin ya miƙa ki, don kada ki sake labarin daga farko.

Autarki kuwa, kada a kwana ba ki gyara ba. Ki zaunar da ita a cinyarki lokacin da babu waya a kusa, ki ce mata, "Ranar nan na yi miki tsawa, ba laifinki ba ne, wayar ce ta ɓata mini rai. Yi haƙuri. Ina zanen? Nuna mini." Yaro ba ya gane jiran layi, abin da ya gani kawai shi ne ya zo da abin farin ciki an kore shi, sai ya ɗauka shi ne matsalar. Ban haƙurin uwa ba ya rage mata girma a idon ɗanta, kuma yara suna saurin yafewa in an faɗa musu gaskiya a sauƙaƙe. Daga nan ki shigo da ita cikin lamarin maimakon ki kore ta. Lokacin da kiɗa ke tashi ai ba abin da kike yi, waya tana gefe a lasifika, makirfo a rufe. Ta kawo takardarta da fensir ta zauna kusa da ke. Ku yi yarjejeniya: muddin kiɗa na tashi, Mama tata ce, in mutum ya yi magana kika ɗaga hannu, Mama ta tafi aikin Kaka na ɗan lokaci, sai ta yi shiru. Kina ma iya ba ta aikin tsaron waya, ita ce za ta ce miki, "Mama, an ɗauka!" Za ki ga yadda za ta riƙe aikin da muhimmanci, kuma wayar da take gudu za ta daina ba ta tsoro.

Maganar maigidanki gaskiya ce, ko da ta yi miki zafi, yana gaya miki abin da ke ba ki iya gani daga ciki. Sai dai faɗin matsala ba ya isa, shi ma yana da abin yi. Ki sanar da shi tun da wuri cewa ranar kaza da safe za ki kira ofishin fansho, ki roƙe shi abu takamaimai: ya ja manyan yaran gefe in an ɗauka, ko in yana gida ya riƙe miki wayar lokacin kiɗa ki ƙarasa wani abin. Sau da yawa namiji yana son taimakawa, sai dai "na gaji" ba ta gaya masa abin da zai yi.

Yayanki ina kyautata masa zato. Wanda bai taɓa zama a kan layin nan ba, a wurinsa kira minti biyu ne. Kada ki tsaya jayayya da shi kan wahalar abin, ki karɓi maganarsa yadda ya faɗe ta. Tunda kira ne kawai, waya ba ta san nisan gari ba. Ki zaɓi lokacin da ranki yake a sanyaye ki ce, "Yaya, harkokin Baba uku ne, na riƙe biyu, don Allah ka karɓi na inshora gaba ɗaya." Ki ɗauki hoton shafin ofishin daga littafinki ki tura masa. Ki ba shi ofishi guda dungum, ba kira ɗaya ba, domin in kira ɗaya ne gobe abin zai dawo hannunki. Kuma in ya karɓa ki sakar masa, ko da ba yadda kike yi yake yi ba. Akwai abin da ya kamata ku fara warwarewa: yawancin ofisoshi ba sa tattauna asusun mutum da wani sai da izininsa. Ki tambayi kowanne wace takarda ake cikewa don a sa sunanki da na Yaya a matsayin masu magana da yawun Baba, wannan kaɗai zai rage muku kiran da ake yi a tashi a tutar babu. Kafin a kammala, ana iya haɗa Baba a layin ya ba da izini da bakinsa. In Yaya ya nuna ba zai iya ba, to ya ɗauki nauyin katin waya ko wata hidimar, kuma ki faɗa masa a fili cewa ke kaɗai abin ya yi miki yawa.

Faɗuwar gaban da kike yi tun dare ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Ki ware wa kiraye-kirayen nan rana ɗaya ko biyu a mako, kira ɗaya mai nauyi a rana, kuma da safe, don kada ya wuni yana rataye a ranki. Ki shirya littafi da takardu tun yamma ki rufe, abin da aka rubuta ba sai an kwana ana juya shi ba. Ina kuma zaton ba jiran kaɗai ke damun ki ba. Wataƙila ayyukan nan da Mama tana kusa ake yin su, ko ita kike kai wa kuka in sun ɓata miki rai, yanzu kowane kira yana tuna miki babu ita. In haka ne, ki samu wadda kika yarda da ita ki faɗa mata. Idan kuma faɗuwar gaban ta fara hana ki barci ko tana bin ki har ranakun da babu kira, ki ga likita ki yi masa bayani kamar yadda kika yi mini.

Na bar Baba a ƙarshe ne domin nasa ya fi gaggawa. Yana ɓoye takardu ne don ya ga yadda kike wahala, tausayinki yake ji, kuma ba dattijon da ke son ya zama kaya a kan 'yarsa. Amma a cikin irin waɗannan takardu ake samun masu wa'adi, na tantance masu karɓar fansho ko na sabunta inshora, kuma in wa'adi ya wuce gyaran ya fi kira ɗaya wuya nesa ba kusa ba. Ki je ki zauna da shi ba da sigar tuhuma ba. Ki ce, "Baba, ba kai kake gajiyar da ni ba, tsarinsu ne, kuma na samo dabara. In ka ɓoye mini takarda aikin ƙaruwa yake yi." Ki ajiye masa ambulan ko jaka guda, duk takardar da ta zo ya jefa ciki ko bai karanta ba. Wasu kiran kuma ki riƙa yin su a wurinsa, waya a lasifika a tsakaninku, kuna hira har a ɗauka. Dama sau da yawa za su nemi jin muryarsa, ga shi a kusa, shi kuma zai ji cewa da shi ake yi, ba a kansa ake shan wahala ba. A wannan makon dai, kafin ki sake buga ko'ina, ki karɓi takardun da ya ɓoye ki duba kwanan watan da ke jikin kowace, ki fara da wadda wa'adinta ya fi kusa.